Wankan Motar Sakatare

Sanda ya ɗora ƙafar dama a kan katakon famfo ya fara takawa. Famfon ya yi tari sau biyu, ya zuƙo ruwan tabki, tiyo ya kumbura ya miƙe a hannun Hashimu.

"Rage ƙarfi, taubashi," in ji Hashimu. "Ban yi bisimilla ba tukuna."

"Mota ce fa, ba mamaci ba."

"Kowa da haƙƙinsa."

Motar da aka ja da baya har bakin tabkin, bayan kasuwar Agiye, kamiyon Magaji ne, sakataren jam'iyya na garin. Gobe uku ga Agusta, shekara guda cif da samun mulkin kai, kuma wannan kamiyon ne zai kwashi manyan gari da makaɗa zuwa biki a Tasawa. A kowane gefe na jikinsa na katako an shafa fari, an zana giwa, alamar jam'iyyar da ke mulki. Sai dai taɓon damina ya kai wa giwar har ciki.

Magaji da kansa ya rako motar da safe. Ya zaro wata takarda daga aljihun riga, an buga ta da keken rubutu da Faransanci, ya kaɗa ta a gaban hancin Sanda.

"Baba Sanda, famfon nan na kumandan ne. Kumandan gwamnati ne. Gwamnati kuwa yanzu mu ne. Ka ji inda maganar ta dosa?"

"Kyauta ya ba ni, Sakatare, a gaban mutane."

"Mutanen suna da hatimi? Ga takarda na sa an rubuta a buro, ofishin gwamnati, ta ce famfo naka ne. Hatimi kawai ya rage, yana aljihuna. In motata ta fi ta kowa ƙyalli, yau ɗin nan in buga maka. In ba haka ba, famfo ya koma gidan jam'iyya, muna da farfajiyar da ke son yayyafi."

Ya mayar da takardar ya tafi, ya bar direbansa Iro zaune a kan kututture yana sakace.

Famfon ja ne, mai ƙafafun ƙarfe, na kashe gobara. Shekara da shekaru yana kulle a rumfar gidan kumandan, Baturen mulki, a Tasawa bai taɓa kashe ko wutar kara ba, don duk ranar da gobara ta tashi sai a tarar mai makullin ya tafi Damagaram. Yana da dogon hannu wanda ƙarti biyu ke dannawa. Sanda ya ɗaura wa hannun igiya da katako, yana yin aikin ƙartin nan biyu da ƙafa guda.

Ƙafar ce ke da tarihi. Shekara goma sha tara Sanda ya yi yana jan fankar gidan kumandan, wani faffaɗan mafici na zane da aka rataye a rufin ɗaki. Igiyar ta bi ta wata 'yar ƙofa a bango ta fito baranda, inda yake zama ya ɗaura ta a babban yatsan ƙafa. Kumanda shida ya yi wa fifita, bai san fuskar ko ɗaya sosai ba, amma in ka kwaikwayi minsharin kowanne zai gaya maka sunansa da shekarar da ya zo. Da aka kawo injin wuta aka sallame shi, ƙafar kuwa ba ta ji an sallame ta ba. Ko a zaman tahiya tana motsi. Matarsa Baturiya ta taɓa ɗaura masa gorar kaɗa nono a yatsa yana ƙailula, kafin la'asar mai ya tashi. Da kumandan na ƙarshe zai koma ƙasarsu ya ga Sanda cikin masu ban kwana, ya duba hagu da dama, ba abin da ya rage bai shiga akwati ba sai famfon. Ya nuna shi da sanda ya ce a ba tsohon.

Shi kuwa Hashimu, taubashin Sanda, mutumin Gidan Sori ne can yamma. Shekara ashirin da shida yana wankan gawa, ana yabon hannunsa, har ranar da ya wanke wani attajirin mai sayar da tufafi. A kwarar ruwa ta uku mamacin ya yi atishawa ya nemi a ba shi hularsa. Ya ƙara shekara bakwai a duniya, magada ba su taɓa yafe wa Hashimu ba. Daga nan duk gidan da ke da abin rabo suka daina aiko masa. Ya tattara jakarsa ya zo Agiye, Sanda ya danƙa masa bakin tiyo. Har yau in zai wanke mota, da gefen dama yake farawa, kwara uku yake yi ko biyar, in kuma ya zo ƙarƙashin mota sai ya kawar da kai.

Gefen daman kamiyon ne ke fuskantar tabki. Hashimu ya gama tayoyi, ya ɗaga bakin tiyon na tagulla zuwa katako. Taɓo ya fara sulalowa. Ƙafafun giwa suka fito tas.

"Ƙara wuta," in ji Iro. "Mai gida ya ce har ya ga fuskarsa a jiki."

Sanda ya ƙara. Ruwan ya riƙa dukan katako da ƙara kamar ana sussukar gero. A kwara ta biyu sai hancin giwar ya lanƙwashe ya gangaro ƙasa. Kunnen ya bi shi. Farin ya narke yana zuba kamar kunun kanwa, daga bayansa wani dogon wuya ya leƙo, da ƙaramin kai, da leɓe mai raini. Kafin Hashimu ya kawar da tiyon, tozo ya bayyana.

Raƙumi ne, cikakke, da fenti mai kyau mai sheƙi. Alamar ɗaya jam'iyyar ce, wadda aka haramta shekara biyu da suka wuce. A wannan zamanin ko a jikin ƙwarya aka ga an zana raƙumi, mai ƙwaryar kan kwana a hannun jandarma, wani ma a wuce da shi arewa inda ba a aiko da gaisuwa.

Sanda ya so ya tsaya, ƙafar ta ƙi. Sai da ya kama gwiwarsa da hannu biyu ya sauke ta daga katakon.

Iro ya tofar da tsinken sakace ya miƙe.

"Ni direba ne," ya ce. "Gaba nake kallo. Tun da nake ban taɓa duba gefen mota ba." Ya nufi gari da sauri, ya ce zai kira mai gida.

Baturiya na sayar da fura a gindin gawon da ke bakin tabkin, itacen da ke tsayawa tsirara da damina lokacin da kowane itace ya yi sutura. Ta rufe ƙwaryarta da faifai ta zagayo. Ta daɗe tana kallon raƙumin, hannu a ƙugu.

"Malam, yau Allah ya kashe ya ba ka," ta ce wa Sanda. "Ba Magajin ne jiya a kasuwa yake cewa in ya ji warin ɗan raƙumi ko a rijiya ya ɓuya zai zaƙulo shi ba? Taka ka je barikin jandarma. Kafin azahar ba mai sake yi maka zancen famfo."

"Ba a yin haka," in ji Hashimu.

"Kai da wa?"

"Abin da mai wanka ya gani a jiki, ƙasa ka rufe shi, ba baki ba."

"Mijina ba mai wankan gawa ba ne. Ɗan fanka ne."

Sanda ya matso kusa da katakon. Yana kallon raƙumin, yana mamakin yadda dabba ta yi shekara biyu a cikin giwa ba ta rame ba. Sannan hankalinsa ya tafi barandar Tasawa. Ta ƙofar igiyar nan ya sha jin masu kawo tsegumi. Kullum da ƙaramar murya suke farawa, kumandan ya ce madalla, a ji ƙarar alƙalami. Can sai kujera ta motsa, tafinta ya ce, "Ya ce kai kuma yaya aka yi ka sani?" Da yawansu ta ƙofar baya aka fitar da su, tare da wanda suka kawo ƙara.

"In na je," Sanda ya ce a hankali, "za a rubuta cewa famfona ne ya fito da raƙumi. Famfon zai kwana a bariki, shaida ne. Ni ma shaida ne."

"To zauna. In Magaji ya zo ya ce ku kuka zana fa?"

Kafin ya amsa sai suka ji ƙarar sarƙar keke. Jandarma Abdu ne ya gangaro daga hanya yana tura kekensa, taɓo ya cushe tayoyin har ba sa juyawa. Daga inda yake giwar gefen hagu kawai yake gani. Ya ɗaga mata hannu kamar mai gaida babba.

"Sannunku da aiki, tsofaffi. A ɗan watsa wa dokina ruwa, gobe fareti."

Tiyon kuwa yana gefen tabki. Dole ya zagayo.

Hashimu ya ajiye bakin tagullan ba gaggawa. Ya buɗe jakar fatar da ba ya rabuwa da ita, ya zaro farin alawayyo a ninke, ya warware shi, ya maƙala bakinsa a ƙusoshin saman katako. Zanen ya sauko ya rufe raƙumin daga kai har kofato, daidai lokacin da gaban keken ya leƙo.

Abdu ya tsaya. "Wannan kuma fa? Tuta ce?"

"Likkafanina ne," in ji Hashimu. "Nikan fiddo shi ya sha iska da damina, kada gara ta riga ni shiga."

Jandarman ya janye hannun da ya fara miƙawa.

"Taɓa mana ka ji, samari. Alawayyo ne na gaske, ba irin na yanzu ba." Hashimu ya dube shi daga hula har takalmi, a natse, da idon mai aiki. "Kamu nawa kake? Kamar tsawonmu guda."

Katakon jiƙe yake, zanen ya fara shan ruwa. Sanda ya hangi inuwar dogon wuya tana tasowa ta cikin farin. Ya matsa ya tsaya a gabanta, ya buɗe hannuwan rigarsa kamar mai jin zafi.

"Kawo keken nan bakin ruwa, ranka ya daɗe," ya ce. "Baturiya, dama wa jandarma fura."

"A'a, bar shi," in ji Abdu. Ya riga ya juya keken. "Na tuna ana nemana a bariki. Taɓon ma in ya bushe da kansa yake zuba." Ya ɗaga keken a kafaɗa ya haura, bai waiwayo ba.

Ba a jima ba Magaji ya iso, Iro na bayansa da nisa. Babbar rigarsa ta sha shuni, zufa ta jiƙa wuyanta. Ya ɗaga gefen likkafanin da yatsa biyu, ya leƙa, ya saki.

"Wa ya zana wannan a motata?"

"Ko wane ne, ya iya," in ji Baturiya. "Har gashin ido ya sa masa."

Duk Agiye an san wanda ya sa aka zana. Kafin siyasa Magaji mai awon gyaɗa ne a rumfar wani kamfani, kuma manoma sun ce babban yatsansa ya fi na kowa nauyi in yana saye, ya fi na kowa sauƙi in yana sayarwa. Da jam'iyyar raƙumi ke tashe, shi ke riƙe lasifika a bayan wannan kamiyon. Da iska ta juya, cikin mako guda ya kira wani mai zane daga Katsina ya rufe raƙumin da giwa. Mai zanen ya rantse fentin Kano ne na mai. Magaji ya sallame shi da gyaɗa, awon sikelinsa. Mai zanen kuma ya dama farar ƙasa da ƙaro da ɗan man gyaɗa, abin da zai jure ruwan sama da goge-gogen tsumma, ya shafa ya kama hanya.

Magaji ya duba hanya, ya duba tabki. Muryarsa ta sauko.

"Wa ya gani?"

"Jandarma Abdu ya zo," in ji Sanda.

Magaji ya dafa tayar mota.

"Ya ga likkafani ya koma."

"To." Ya share fuska da hannun riga. "To. Ku faɗi abin da kuke so."

"A kan mi?" in ji Hashimu.

"Kada ka yi mini wayo, tsoho. A kan abin da ka gani."

"Na wanke mutum ya fi ɗari huɗu, Sakatare. Tafi Gidan Sori ka tambaya ko an taɓa jin abin da na gani a jikin guda."

"Kowane shiru da nauyinsa. Faɗi naka in auna."

"Ba na sayarwa ba ne."

Wannan amsar ta fi raƙumin tayar wa Magaji da hankali. Ya juya wajen Sanda kamar mai neman wanda ke jin Hausa. Sanda yana kallon aljihun rigarsa, bai ɗauke ido ba. Magaji ya bi idon, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya taka ƙasa bayan ya daɗe a ruwa. Ya zaro takardar, ya shimfiɗa ta a kan murfin inji, ya huci hatimin ya buga. Ya ɗan yi tunani, ya sake bugawa a gefe.

"Na biyun na mene ne?" in ji Sanda.

"Na wancan ne, mai likkafani. Ko ya so ko ya ƙi."

Sanda ya karɓi takardar da hannu biyu. Bai iya karatun boko ba, sai ya miƙa wa Iro, wanda ya yi shekara biyu a lakol, makarantar boko. Iro ya bi layukan da yatsa, ya gano sunan Sanda, ya gano kalmar famfo, ya ce sauran duk gaisuwa ce.

Saura raƙumi. Ba fenti a Agiye, sai Maraɗi, kuma wanda ya je Maraɗi neman farin fenti ana gobe biki sai an tambaye shi na mene ne. Iro ya gwada kankarewa da wuƙa, fentin ya riga ya shige katako.

"A juya motar mana," in ji Baturiya. "In kun isa Tasawa ku tsaya ta gefen hagu. In mulki ya sake juyawa, ku tsaya ta dama."

Ba wanda ya yi dariya sai Hashimu, shi ma a ciki.

Ita ce dai ta kawo dabara. Duk shekara ita ke yaɓen ɗakinta, ta san taɓon da ke kama bango. Ta tattare zane ta shiga bakin tabki, ta kwaɓa baƙar laka da busasshiyar ciyawa. Hashimu ya cire likkafaninsa ya ninke. Suka bi raƙumin da laka, ita da Iro, tun daga tozo. Magaji na tsaye a kan hanya yana gadi, yana waigowa yana ba da umarni.

"Ya yi santsi da yawa. Kamar ɗakin amarya. Ku sa ya yi kama da na hanya."

Sanda ya jawo tiyon zuƙa daga zurfi ya tura shi cikin kwatar da shanu ke shan ruwa. Ya hau katako ya taka a hankali. Famfon kumandan ya riƙa feso jan ruwa mai kauri, Hashimu na watsa shi sama-sama a kan yaɓen, har da taya da ƙofar direba da ya wanke da safe. Da suka gama, gefen daman kamiyon ya fi yadda ya zo datti nesa ba kusa ba.

"Hagun fa?" in ji Sanda.

"Tsumma," in ji Magaji. "Busasshe. A hankali." Ya juya ga Iro. "In an tambaya, santsi ya kwashe mu a hanyar Gazawa."

"Ta gefe guda, mai gida?"

"Ta gefe guda."

Da la'asar kamiyon ya haura ya ratsa tasha, don ba wata hanyar zuwa gidan Magaji sai ta nan. Direbobi na zaune a kan benci suna shan shayi. Sun ga motar ta gangara wurin wanki da safe, sun ga yadda ta dawo. Ba wanda ya yi tambaya. Wani ya tashi ya je ya tsaya a gefen tasa motar, ya shafa katakon da tafin hannu, ya duba tafin.

Chindo, mai jigilar gero zuwa Gidan Rumji, tun shekaranjiya ya kama layi, ya ce yana son wanka na gani na faɗa saboda biki. Sai da rana ta yi sanyi ya gangaro da kamiyonsa, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya tsaya nesa da famfon, bai kashe inji ba. A jikin motarsa ma giwa ce irin ta Magaji, mai gajeren hanci da kumburarren ciki.

"Baba Sanda, barka da yamma. An ce takarda ta samu."

"Ta samu."

"Madalla, Allah ya sa alheri." Ya leƙo ta taga, ya rage murya. "Iya tayoyi za a yi mini. Kada ruwa ya wuce gwiwa."

"Katakon fa? Ya yi datti ƙwarai."

"Ina son shi haka. Yana riƙe sanyi."

Sanda ya ɗaga kai ya dubi tasha. Daga bakin tabkin ana hango kamiyo bakwai a jere, giwa bakwai, dukansu gajeren hanci da kumburarren ciki, kamar uwa ɗaya ta haife su a mako guda. Duk cinikin da yake jira ke nan daga yau har kakar gyaɗa.

"Wanga ko alwala bai kai ba," in ji Hashimu.

Sanda ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a cikin hula, ya danna hular a kai.

"Matso da ita, Chindo," ya ce. "In ka koma ka gaya wa sauran, a nan iya gwiwa muke tsayawa."